Nauyin Mutum Uku a Kujerar Baya

Butulci ne ya kayar da Torgny Backlund. Ya iya tuƙi, motarsa lafiya lau take, abokin hamayyarsa kuma bai yi masa wani ƙulli ba. Mutane ne suka taru suka ɗaga shi, da ya hango abin da yake nema sai ya ce sun yi masa nauyi. Duk wanda ya yi haka, abin da ya sami Torgny shi ne daidai da shi, kada kowa ya ɓata hawayensa.

A Tallmyra, bakin tafkin Siljan, magidanci zai iya rasa labule a tagarsa, amma da wuya ka leƙa rumbun ciyawarsa ba ka ga tsohuwar motar Amurka lulluɓe da tamfol ba. Ta Torgny ja ce, ƙirar 1970, inji mai silinda takwas, ana ce mata Giwa. In hanya ta miƙe, babu motar da ke shan gabanta a duk gundumar. In aka zo kwana kuwa, sai ta kwanta gefe guda kamar kwalekwalen da aka yi wa lodi a baki ɗaya, bayanta na neman wata hanya daban.

Abin da ya tsaya wa Torgny a rai ke nan shekara shida. Kowace shekara, ranar Asabar ɗin da ke bin bikin tsakiyar bazara, ana taruwa a filin tsohuwar masana'antar katako. A jera tsofaffin tayoyi a fitar da hanya: miƙe ɗaya, kwana uku, ta ƙarshen tana zagaye wani tulin gungume. Mota ɗaya-ɗaya ake saki, kowa da mutanensa a ciki, kowa zagaye biyu, agogo ne alƙali. Wanda ya ci, motarsa ce ke jan ayarin motoci a cikin gari duk yammacin Asabar har sanyi ya shigo. Shekara shida Ragnvald Persmats, mutumin hayin tafki, yana gaba. Shekara shida Torgny yana biye da shi yana shaƙar hayaƙin salansarsa.

Da Oktoba ta kama, ganye ya zube, sai ya tuƙa Giwa zuwa rumbun Gunvor, ƙanwar mahaifinsa. Shekararta saba'in da ɗaya, arba'in daga ciki a ƙarƙashin manyan motocin dakon katako ta yi su. Ita kaɗai ke da ramin gyaran mota a ƙauyen.

"Gwaggo, babban kafireto nake so a sa mata," in ji shi.

"Ka kai ta ina?"

"Gaban Ragnvald."

Gunvor ta gyara tabar da ke ƙarƙashin leɓenta, ta zagaya bayan motar, ta danna but da hannu ɗaya ta saki. Giwa ta yi lilo har sau huɗu kafin ta natsu.

"Ka gani ko? Ƙarfin da ke gabanta ya ishi mota biyu. Ƙugunta ne ya mutu. Ubanka ma haka ya yi ta ƙara wa tasa inji har ta kai shi cikin gonar dankalin mutane."

"To me za a yi?"

"Sifirin, shokozoba, robobi, da sandar ƙarfe mai kauri da za ta riƙe mata ƙugu kada ta karkata. Aikin hunturu guda ne, kuma ba na mutum ɗaya ba. Je ka kira mutanenka."

Mutanen Torgny uku ne, kuma shekara goma sha tara ke nan kujerar bayan Giwa tasu ce. Sixten, wani ƙaton direban motar katako, yana zama dama. Matarsa Majken, mai fentin mota, tana tsakiya da kwandon kofi a cinya. Ebbe, tsohon mai raba wasiƙu, siriri kamar sillen kara, yana hagu a kan wani matashi da ya zo da shi daga gida tun ranar farko, bai kuma taɓa fitar da shi daga motar ba.

Ranar da suka zo, kafin a taɓa sifana ko ɗaya, Gunvor ta jawo sikelin da ake auna naman farauta ta dire shi tsakiyar rumbu.

"Sixten, hau."

"Ni? Gwaggo Gunvor, sifirin aka ce za a canja, ba yanka ni za a yi ba."

"Sifirin ɗin wa zai ɗauka? Hau."

Ya hau. Allura ta yi rawa ta tsaya a kilo ɗari da ashirin da takwas.

"Takalmin nan ne," in ji shi.

"Takalmin ne ya cinye burodin kirfa tara jiya?" in ji Majken. Ta ture shi ta hau, ta dubi mazan ɗaya bayan ɗaya. "Wanda ya faɗi nawa da ƙarfi, kofi da gishiri zai sha har ƙanƙara ta narke."

Gunvor ta rubuta da alli a bayan ƙofa inda ba a gani. Ebbe ya hau rungume da matashinsa, aka ga sittin da ɗaya.

"Ajiye matashin mu ga ko allurar za ta san an hau," in ji Sixten.

"Ka bar ni haka," in ji Ebbe. "Ni ne nake daidaita ka. Ba don ni ba da tuni motar nan ta kife dama."

Da wannan lissafin Gunvor ta zaɓi komai. Ta ƙara falle biyu a sifirin ɗin kowane gefe. Ta sa aka kawo shokozoba masu tauri. Sandar ƙarfen kuwa da kanta ta lanƙwasa ta, sau uku tana mayar da ita wuta don ba ta gamsu ba. Duk Asabar da Lahadi suna rumbun, murhu na ci a kusurwa, numfashi na fita kamar hayaƙi. Sixten ne ya tallabi aksul, ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, da kafaɗa ranar da jak ya ƙi, ya yi kwana uku ba ya iya ɗaura igiyar takalminsa. Ebbe ne ya yi tafiyar awa huɗu cikin dusar ƙanƙara zuwa wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa, ya dawo da fallen da ya dace, kunnuwansa sun yi fari. Majken ta ce tunda an kwance bayan motar, ba za ta zuba ido a mayar da tsatsa ba. Ta goge gefen baya duka biyu har ƙarfe ya fito, ta yi fenti shafi bakwai. Ba wanda ya tambayi ko sisi. Motarsu ce, sunan Torgny ne dai a takarda.

Shi ma Torgny ya yi aiki, ba a hana shi wannan ba. Amma bakinsa ya fi hannunsa gudu. Ya je kantin ƙauye ya ce bana Ragnvald zai san launin bayan Giwa. Ya je gidan mai ya ce shi ya ƙirƙiro lanƙwasar sandar.

Ƙarshen Afrilu aka gama haɗawa. Torgny ya ɗauki sifana zai shiga rami ya ɗaure notocin ƙarshe, motar tana sama a kan jak.

"Ajiye," in ji Gunvor. "Sauke ta tukuna."

Aka sauke Giwa ta tsaya a kan tayoyinta.

"Kowa ya shiga wurinsa. Majken, har da kwandon."

Suka shiga, Torgny a sitiyari, ukun a baya. Gunvor ta sa su yi tsalle a zaune sau uku. Motar ta sauka, ta taso, ta tsaya cak sau ɗaya. Sannan tsohuwar ta gangara rami, suna jin ƙarar sifana a ƙarƙashinsu, noti bayan noti.

"Kada wanda ya motsa," muryarta ta fito daga ƙasa. "In aka ɗaure mota tana rataye, roba murɗewa take yi. A kan ƙafarta ake ɗaure ta, da mutanenta a ciki, yadda za ta yi tafiya."

"Gwaggo, atishawa nake ji," in ji Sixten.

"Haɗiye ta."

Da ta fito ta goge hannu, ta leƙo ta tagar direba.

"Saurara, ɗan nan. Motar mutum huɗu na ɗaure. In kai kaɗai ne a ciki, bayanta zai yi tauri ya rasa abin da zai danne shi. Za ka iya zuwa kanti da ita, za ka iya zuwa coci. Kwana da gudu kuwa, sai da su."

"Na ji, Gwaggo."

"Ji na san ka ji. Riƙewa nake magana."

A watan Mayu, da hanya ta bushe, suka fitar da ita gwaji a filin katakon, ba kowa sai su. Torgny ya shiga kwanar farko yana jiran ta kwanta yadda ta saba. Ba ta kwanta ba. Ya ƙara wuta a ta biyu, Giwa ta bi sitiyari kamar an zana mata layi. A zagaye na uku Majken ta zuba kofi a kofin roba ta riƙe shi a gabanta, suka zagaye tulin gungumen, ko ɗigo bai zuba a siket ɗinta ba.

"Wannan ba Giwa ba ce," in ji Ebbe. "An musanya mana ita da kyanwa."

Sixten ya miƙo hannu ya daki kafaɗar Torgny. "Mutumina, bana mu ne a gaba. Zan sayi sabuwar hula don mutanen hayin tafki su ga abin da za su bi."

Torgny ya yi dariya. A ransa ya riga ya ga kansa a gaban ayari, gwiwar hannu a taga.

Ranar tsere ta zo da rana mai kyau. Motoci sun fi arba'in a gefen fili, mata da siket-siket masu ɗigo-ɗigo, maza da rigunan fata, ana gasa nama a kan rabin ganga. Wani dattijo ya zauna bisa tsani da agogo a hannu. Ragnvald ya fara, da matarsa da ƙannensa biyu a cikin shuɗiyar motarsa, ya yi daƙiƙa hamsin da takwas. Ya sake, ya yi hamsin da takwas ɗin dai. Ya fito ya zo har wurin Giwa ya zagaya ta yana kallon ƙasa.

"Backlund, an ce ka yi wa tsohuwar sabon ƙugu."

"Za ka gan shi da kyau. Har Satumba za ka yi ta kallonsa."

"Allah ya nuna mana," in ji Ragnvald, ya koma wajen nama.

Zagayen farko na Torgny ya yi kyau har mutane suka bar cin abinci. Giwa ta cinye miƙen, ta wuce kwana biyu ba ta karkata ba, ta zagaye gungumen ta fito. Dattijon ya ɗaga murya: hamsin da takwas da rabi.

Rabin daƙiƙa. Bai taɓa matsowa kusa haka ba. Ukun da ke baya suna ta bugun kujera, amma Torgny bai saki sitiyari ba. Gunvor ta taho a hankali ta jingina da ƙofa.

"Ka taka birki tun wajen tayar nan mai farin fenti," in ji ta. "Tsoron tsohuwar Giwa ne bai bar ƙafarka ba. Ka jinkirta birkin tsawon mota biyu, za ta ɗauka. Daƙiƙa guda na nan kwance tana jiranka."

Gaskiya ta faɗa masa, kuma ya san gaskiya ce. Sai dai ya fi masa sauƙi laifin ya zama na wani da ya zama na ƙafarsa. Ya ɗaga ido ya dubi madubi. Ya ga Sixten ya cika rabin kujera, ya ga kwandon kofi, ya ga Ebbe a kan matashi. Lissafin bayan ƙofar Gunvor ya dawo masa: kusan kilo ɗari biyu da saba'in. Ya ce a ransa, in da wannan kayan ya yi hamsin da takwas da rabi, in babu su fa?

"Ku sauka," in ji shi.

"Ina za mu?" in ji Majken. "Yanzu za a kira mu."

"Ni za a kira. Ku sauka, ni kaɗai zan yi na biyun."

Sixten ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya ga fuskar Torgny a madubi sai dariyar ta tsaya.

"Mutumina, da gaske kake?"

"Kilo ɗari da ashirin da takwas nake ja, Sixten. Tsere na zo yi, ba dakon kaya ba."

Gunvor ta tofar da tabarta gefe.

"Na gaya maka a rumbu, zan sake gaya maka a nan don kada ka ce ban faɗa ba. Nauyinsu ne ke riƙe tayoyin baya a ƙasa."

"Gwaggo, ke kin iya ɗaure noti, ni na iya tuƙi. Kowa ya tsaya wurinsa."

"To," in ji ta. Ta ja baya.

Ebbe ne ya fara buɗe ƙofa. Ya fita, ya sunkuyo ya ɗauki matashinsa, ya kaɗe shi, ya saƙale a hammata. Majken ta bi shi da kwando. Sixten ne na ƙarshe, da ya sauka sai bayan motar ya ɗaga sama kamar faɗin tafin hannu, kowa ya gani. Ya rufe ƙofar a hankali, ya cire sabuwar hularsa ya cusa a aljihu.

Dattijon agogo ya leƙo daga tsani. "Backlund, ina mutanenka?"

"Akwai dokar da ta hana?"

"Babu. Ba a dai taɓa yi ba."

"Yau za a fara."

Aka sauke tuta. Giwa ta fita kamar an harba ta, kuma a miƙen nan ba a taɓa ganin gudu irin nata a filin ba. Torgny ya ji sauƙinta a jikinsa, ya ce ai ga shi nan. A kwanar farko bayanta ya yi ɗan tsalle, ya gyara. A ta biyu ya zame ya share taya biyu daga layi, ya sake kamo ta da sitiyari. Mai hankali da ya sassauta a nan. Shi kuwa sai ya ɗauka ƙwarewarsa ce ta fito fili. Ya nufi ta uku, ya wuce tayar mai farin fenti bai taɓa birki ba, ya ƙara tsawon mota biyu kamar yadda aka ce masa, ya manta da sharaɗin da aka haɗa da shi.

A bakin kwanar akwai wata tsaga a kwalta, wadda Giwa ta taka sau da yawa da mutanenta ba ta ko girgiza ba. Wannan karon sifirin mai tauri ya buga tsagar, babu abin da zai danne shi. Tayoyin baya suka bar ƙasa, suka dawo a karkace. Bayan motar ya zagayo ya wuce gabanta. Gefen dama, daidai inda Sixten ke zama, ya daki tulin gungumen da ƙarar da aka ji har bakin tafki.

Ƙura ta lafa. Torgny ya fito da ƙafarsa, jini a leɓe, haƙori ɗaya a tafin hannu. Tayar baya ta dama ta kwanta ciki, aksul ya lanƙwashe, jan fentin ya yage ya bar ƙarfe a fili. Dattijon ya dubi agogonsa, ya kashe shi, ya sa a aljihu.

Mutane suka taho da gudu, har da su ukun. Majken ta kama haɓarsa ta duba idanunsa, ta sa ya ɗaga hannu biyu, ta ba shi hankici. Da ta tabbata ba abin da ya karye, sai ta juya ta tsaya kallon gefen motar.

"Sixten," in ji Torgny, bakinsa na ciwo, "zo mu tura ta gefe."

"A'a, mutumina. Nauyi gare ni, kada in ƙarasa ta."

Ɗaya daga ƙannen Ragnvald ne ya kawo tarakta ya ja Giwa zuwa gindin shinge. Da la'asar ayari ya tashi, shuɗiyar mota a gaba karo na bakwai. Can wajen tsakiya ga tsohuwar motar Gunvor, wadda ba ta taɓa shiga tsere ba, Sixten a dama, Majken a tsakiya da kwando, Ebbe a hagu kan matashinsa. Torgny yana zaune a kan taya gefen shinge suka wuce shi. Ebbe ya ɗaga masa hannu, irin ɗagawar da yake yi wa kowa lokacin da yake raba wasiƙu.

Bayan kwana uku ya je rumbun Gunvor a ƙafa. Ya same ta a bakin ƙofa tana wanke sifanu da kananzir. A bayan ƙofar an goge lissafin nasa, an rubuta sabo, sunan motarta a sama.

"Gwaggo, aksul ɗin zai gyaru?"

"Zai gyaru."

"Yaushe zan kawo ta?"

"Wa zai tallabe shi in jak ya ƙi? Wa zai je neman falle? Wa zai zauna in ɗaure?" Ta ci gaba da wankinta. "Ramina na motar da ke da mutane ne. In ka samo su, ka zo."

Bai samo su ba, don ƙauyen ƙarami ne kuma kowa yana filin ran nan.

Ga abin da Torgny Backlund ya rasa a kan rabin daƙiƙa: aksul ɗaya, sifirin ɗin dama da shokozobarsa, sandar da aka kai wuta sau uku, fenti shafi bakwai, da haƙorin gaba ɗaya. Ya rasa gaban ayari, ya rasa har na biyun da yake rainawa. Ya rasa ramin gwaggonsa. Ya rasa mutum uku da suka yi shekara goma sha tara a bayansa. Giwa tana rumbunsa har yanzu a kan bulo huɗu, tamfol a kanta, kujerar baya ba kowa.